Ba Idon Zenaba Ba Ne, Hannuna Ne

Assalamu alaikum, Hajje Maryoma.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma idan da hali ki ɗora wasiƙata a kan ta sauran. Ba don na fi su ba, sai don matsalata tana da ranar yankewa: Alhamis ta ƙarshen watan nan. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, wannan ma sau uku ina farawa ina yagewa. Sunayen da zan ambata duk na aro ne. Na faɗa miki tun da wuri don kada a ƙara mini zunubin ƙarya a kan wanda nake ɗauke da shi, shi ma ya ishe ni.

Ni mai haɗa humra ce da turaren wuta a nan Injamena, shekarata hamsin da huɗu. Shagon da nake zama a Kasuwar Gero na mahaifiyata ne, Allah Ya haskaka makwancinta. Tsakanin buhunan sandal da kwanukan farcen turare na yi wayo, da safe allo, da yamma turmi. Bayan na yi sauka na ɗan taɓa littattafai wurin wata malama a unguwarmu, har muka kai babin ciniki, sai aure ya zo. Abu biyu ne suka zauna mini daga babin nan: kada ka ɓoye aibin hajarka, kuma kada ka karɓi kuɗin mutum a kan abin da bai san ko mene ne ba. Ba ni da ilimi mai yawa, amma waɗannan biyun na riƙe su hannu bibbiyu.

Mahaifiyata tana da doka ɗaya a shagon nan, ni ma a kanta na tsufa. Babu macen da za ta fita da kwalbar humra sai an ɗiga mata a wuyan hannu, ta zauna a tabarma, ta sha shayi kofi na farko da na biyu. Humra a kwalba daban take, a jikin mutum daban. Wadda ta yi wa wannan kyau, a fatar waccan sai ta juya ta yi tsami. Idan shayi ya ƙare ƙamshi ya kwanta, a ƙulla ciniki. Idan ya juya, sai a ce baiwar Allah ki yi haƙuri, wannan ba taki ba ce, ko da kuwa kuɗin yana hannunta tana miƙowa. Ko sunaye ba mu sa musu ba sai na matan da aka fara haɗa wa: ta Hajje Amne, ta matar alƙali, ta amaren Wadai.

To, ina da 'ya, bari in kira ta Nurasham. Ta yi karatun kasuwanci a Ngaundere, ta dawo shekara biyu da suka wuce da wayoyi guda biyu da wata fitila mai kama da ƙaton zobe. Yarinya ce mai ladabi, kada ki ɗauka ƙorafi nake yi. Ita ta mayar da sana'ar cikin waya. Talata da Asabar bayan la'asar takan kunna fitilar nan a shago ta yi magana kai-tsaye, mata suna kallo daga Abeshe, daga Maiduguri, daga Duwala, har Jidda. Ta ɗaga kwalba, su rubuto, su biya ta waya. Wani abin ma ba a haɗa shi ba tukuna, sai an ga yawan masu so sannan in shiga turmi. Akwai waɗanda ke biya duk wata a aika musu kwali ba tare da sun san abin da ke ciki ba, wai daɗin abin kenan. Akwai 'yan mata a garuruwa da ke sayar da kayanmu da hoto kawai, ko murfin kwalbar ba su taɓa buɗewa ba. Ta matar alƙali ta koma Sarauniyar Shari. Ta Hajje Amne ta koma Sirrin Wadai, alhali Hajje Amne a nan unguwar Digel aka haife ta, a Digel ta rasu, kuma ba ta da sirri ko ɗaya, Allah Ya jiƙanta.

Na yi magana tun farko, a hankali, yadda na saba. Na ce yaya mace za ta sayi ƙamshin da ba ta sansana ba. Ta yi dariya ta ce, "Iya, waya ba ta da hanci, kuma har yau babu wadda ta mutu. Kafin ruwan shayinki ya tafasa na sallami mata arba'in." Kuma gaskiyarta ce. Rufin ɗakunanmu da ya shekara bakwai yana yoyo, da kuɗin wayar nan aka canza shi. Maƙwabtana a kasuwa suna tsokanata, wai na zama 'yar fim, sai in yi murmushi.

Sau ɗaya ta zaunar da ni gaban fitilar. Na ce wa matan duk mai yawan mura kada ta sayi wadda ke hannuna, kuma duk mai neman dilka ta je wurin maƙwabciyata ta hagu, tata ta fi tamu laushi. Tun daga ranar hannuwana kawai ake nunawa. Hannuwana sun yi suna har Jidda, fuskata kuwa an sallame ta. Shagon ma yanzu kusan wurin ɗaukar hoto ne. Kofunan shayinmu goma sha biyu ne a da, saura uku, kuma sai in yini ban ɗauraye ɗaya ba.

Ina ta kewaye-kewaye, Hajje, don na kasa isa wurin da ya kamata. Bari in faɗa.

A gida ake ɗaure kaya. Nurasham takan kunna saƙonnin muryar masu saye da safe a tsakar gida, tana rubuta suna da gari da abin da aka nema a 'yar takarda. Maƙwabciyarmu, in kira ta Zenaba, ita ke ɗaukar kwalba ta sa a kwali ta manne da salatif. Mijinta ya tafi arewa neman zinariya, shekara uku ke nan babu labari, 'ya'ya uku a gabanta, kuma aikin nan ne tukunyarsu. Ni ina gefe ina tankaɗe, amma kunnena yana wurin muryoyin. Mutum ba ya shekara arba'in yana wannan sana'a bai san mace daga muryarta ba, haka nake gaya wa kaina.

Wata takwas da suka wuce wata mata a Abeshe ta nemi wadda ta fi kowacce sauƙi, mai lemo-lemo. Na san iskar Abeshe. Kafin matar nan ta tsallake tsakar gidanta ƙamshin ya bar ta. Abin ya tsaya mini a rai, na ga kamar mun karɓi kuɗinta mun aika mata ruwa. Ni nakan yi azahar da an kira, Zenaba kuwa sai ta gama kwalin da ke gabanta. Da ta tayar da kabbara, sai na ga hannuna ya ɓare salatif, ya cire wannan, ya sa ta matar alƙali, ya mayar ya manne. Ban zuba wani abu a ƙarƙashin sunan wani ba, wannan ai algus ne, Allah Ya tsare ni. Kwalbar na canza da sunanta a jiki. Kuma ban taɓa sa mai arha a madadin mai tsada ba, ko sau ɗaya.

Bayan mako biyu matar ta ba mu taurari biyar, irin waɗanda masu saye ke bayarwa a shafinmu na waya. Ta rubuta cewa ba abin da ta nema ba ne aka aiko, amma mijinta ya tambaye ta ko ta canza gida. Hajje, na ji daɗi. Na yi istigfari, amma na ji daɗi. Sai na sake. Duk wadda na canza wa nakan jefa ƙwallon dabino ɗaya a wani gwangwani don kada in manta adadin abin da zan amsa a gaban Allah. Jiya na ƙirga, talatin da ɗaya ne. Yawancinsu sun yi shiru ko sun yaba. Wata a Maiduguri ma cewa ta yi don Allah a sake yi mata kuskuren nan. Huɗu sun yi faɗa, Nurasham ta ba su haƙuri ta sake aika musu.

Tun da Zenaba ce mai ɗaurewa, a kanta abin ya sauka. Nurasham ba ta yi mata tsawa ba, asibitin ido ta kai ta, aka yanka mata tabarau. Baiwar Allah ta yarda idonta ne. Yanzu sai ta karanta takarda sau uku, ta ɗaga kwalba ga rana, ta yi bismilla sannan ta manne. Har ni take kira in duba mata, tana cewa, "Yaya, ke idonki ya fi nawa, wannan ce ko?" Sai in ce ita ce. Kuma ita ce ɗin, a lokacin.

Ta talatin da ɗayan ita ta karya ni. Wata yarinya ce a Duwala, 'yar garin nan da aure ya kai can, in kira ta Awatif. Muryarta ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ta nemi Sirrin Wadai, wato ta Hajje Amne, wadda ta fi duka nauyi, farce da miski, humrar tsofaffi. A laimar Duwala kuwa irin wannan takan koma kamar tabarmar da ruwa ya kwana a kanta. Na ce a raina yarinya ta ga kwalba mai kyau ne. Na canza mata da mai sauƙi, har ina ganin na yi mata alheri.

Ranar Asabar da hantsi saƙonta ya zo, mu uku muna zaune. Ba ta ɗaga murya ba, da ta zage mu ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ba don jikina na saya ba. Ita mahaifiyata take shafawa. Lafayarta tana wurina a akwati, ƙamshin ya fara barinta." Ta faɗi sunan uwar, ta ce azumin bara ta rasu. Na san matar, Hajje. Shekara ashirin tana zama a tabarmata, ba ta son sukari da yawa a kofi na biyu. Ban ma ji rasuwarta ba.

Zenaba ta cire tabarau ta fashe da kuka, tana cewa idonta ya cuci marainiya. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina cewa bari in duba wuta. Da yamma Nurasham ta same ni ta ce ta gaji. Akwai masu wani sito a unguwar Farsha da ke ɗaure wa 'yan kasuwar waya kaya su aika, da na'urar da ke karanta lamba, ba ta kuskure. Daga ƙarshen wata can za ta riƙa kai kwalabe. Ranar Alhamis za ta sallami Zenaba da ɗan abin da ya sauwaƙa. Har ta roƙe ni in taya ta faɗa mata, wai ni na fi iya magana mai taushi.

Ni ce fa na sa yarinyar nan tana shekara bakwai ta koma kasuwa a ƙafa ta mayar da lemon tsami ɗaya da ya faɗo cikin kwandonmu. Har gobe tana ba ƙawayenta labarin, tana cewa uwarta ko allura ba ta ɗauka. Da wane ido zan dube ta? Kuma ina tsoron idan na faɗa za ta ce Iya ki huta haka nan, ta saki shagon gaba ɗaya, in koma mai daka a bayan gida. Ko maigidana ban gaya wa ba, don na san zai yi dariya har rawaninsa ya kwance, sannan ya ce in je in faɗi gaskiya.

Na yi tunanin in daina a shiru, in roƙa wa Zenaba wata ɗaya, tun da kuskuren zai tsaya da kansa. Na yi tunanin in bari a sallame ta, in riƙa aika mata gero da mai a ɓoye har ƙarshen raina. Ki gaya mini wanne ya fi. Kuma ki gaya mini, don Allah, shin cinikin nan na 'yata ya halatta? Don idan bai halatta ba, wataƙila abin da na yi yana da ɗan uzuri.

Ki yafe tsawon wasiƙar.

Mai Kofuna Uku, Injamena.

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata Mai Kofuna Uku.

Na ɗora wasiƙarki a kan ta sauran kamar yadda kika roƙa, don haka akwai wani bawan Allah da surukinsa ya cinye masa fili da zai ƙara jiran mako ɗaya saboda ke. Sunayen aro kuwa sannu da ƙoƙari. Rabin matan garin nan sun gane ki tun daga kofi na biyu, sauran rabin kuma daga dilkar maƙwabciya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na ga a can kika ɓoye 'yar ƙofar gudu. Ni ba malama ba ce, ki kai maganar wurin wanda ya ƙarasa babin da aure ya katse miki. Amma iyakar sanina, mutane suna sayen abin da aka siffanta musu tun kafin a ƙera waya, matuƙar an faɗi gaskiyar siffarsa, an kawo shi yadda aka faɗa, kuma mai saye yana da bakin magana idan ya saɓa. Kwalin nan na wata-wata da ba a san cikinsa ba, shi kam ki tambaya da kyau, ni ma ina da shakka a kansa. To amma ko da malam ya ce duk cinikin Nurasham yana da gyara, wannan ba zai manne salatif ɗin da kika ɓare ba. Kin ji tsoron a sayar wa mace abin da ba ta sansana ba, sai kika aika mata abin da ba ta sansana ba kuma ba ta nema ba. Na jinjina miki da ba ki yi algus ba, da ƙwallayen dabinon, da yin azahar a farkon lokaci. Ban taɓa jin mai laifin da ta tsara laifinta da tsoron Allah irin haka ba. Amma laifi ne, kuma kin sani, shi ya sa kika tanadi gwangwani.

Yanzu in faɗa miki abin da ban yi niyyar faɗa ba. Na taɓa zama a tabarmar nan, shekara talatin da wani abu, ana saura mako biyu bikina. Ba ke kika sallame ni ba, mahaifiyarki ce, ke kina can ciki kina daka. Na tuna ta ɗiga mini a hannu, amma abin da ya fi zama mini shi ne tambayoyinta. Wane aiki angon yake yi, ɗakin da za a kai ni yana da taga, uwar mijin tana da ciwon kai, ni kaina me nake so in tuna idan na ji ƙamshin. Kafin kofi na biyu ya huce ta san abin da ƙawayena ba su sani ba. Kuma a ƙarshe ba ta zaɓa mini ba. Ta ajiye biyu a gabana ta ce ga wadda take gani, ga wadda na zo nema, in ɗauka. Na ɗauki tawa don taurin kai, ta yi dariya ta naɗe mini.

Kin ga inda kika yi tuntuɓe. Kin ɗauka dokar shagonku ta wuyan hannu ce kawai, alhali rabin aikin shayin nan na kunne ne. Kin riƙe hancin mahaifiyarki kin saki tambayarta. Da Awatif ta zauna a tabarmarki, kafin ki zuba sukari kin ji labarin lafayar. Mata talatin ɗin da suka gabace ta ma ba duka kika ci ba, wasu kunya ce ta hana su magana, wasu nisa.

Nurasham ma tana da nata, kuma ina fata wata ƙawarta za ta kai mata jaridar nan bayan ke kin riga kin yi magana, ba kafin nan ba. Ta ɗauki ilimin shekara arba'in ta rage shi ya zama hannuwa biyu a gaban fitila. Kin yi magana ta mayar da ita wasa, kuma mai magana a hankali idan aka yi mata dariya sau ɗaya, ba ta sakewa, sai dai a ga aikinta. Mata suna rubuto mata cewa kuskuren ya fi abin da suka nema, 'yar kasuwa mai karatu ya kamata ta tsaya ta tambayi kanta wane irin makaho ne wannan da ke dacewa haka. Amma ki ba ta haƙƙinta. Ta rufe muku ɗaki, ta ba Zenaba aiki, ta kai ta asibiti maimakon ta kore ta tun a kuskure na uku, kuma ta kai humrar uwarki garuruwan da tabarmarki ba za ta taɓa zuwa ba. Ba don wayar nan ba, ina marainiyar Duwala za ta sami ƙamshin mahaifiyarta?

Hanyoyi biyun da kika kawo, babu ɗaya. Idan kika daina a shiru, Zenaba za ta ƙare rayuwarta tana ganin idonta ya cuci marainiya. Idan kika bari aka sallame ta kina aika gero, kin mayar da mai cin guminta mai jiran sadaka, kuma ta riƙa yi miki addu'a a kai. Wannan nauyin ya fi na gwangwani.

Kada ki jira Alhamis. Gobe da hantsi ki yafa lafayarki ki shiga gidan Zenaba hannu rabbana, kada ki riƙe ko kwalba ɗaya, don kada kyauta ta toshe mata baki. Ki ce mata idonta lafiya lau, hannunki ne, sau talatin da ɗaya, kuma lokacin da take salla. Ki faɗi wannan na ƙarshen ma, kada ki tsallake. Idan ta yi fushi ki zauna ki sha, ta sha naki wata takwas. Daga can kada ki biya ko'ina, ki wuce wurin 'yarki. Ba za ta mutu ba don ta gano uwarta mutum ce. Yarinyar da aka sa ta mayar da lemon tsami ta san yadda tafiyar nan take da nisa a ƙafa, za ta gane wadda ke yin ta.

Awatif kuwa ke za ki kira ta da bakinki, ba saƙon murya ba. Ki yi mata ta'aziyya, ki gaya mata yadda uwarta ke shan kofi na biyu, ki nemi gafararta, sannan ki haɗa mata ta Hajje Amne da hannunki ki sa Zenaba ta manne. Sauran talatin ɗin, ku zauna da Nurasham ku nemo su ɗaya bayan ɗaya a gaya musu gaskiya. Za ku rasa taurari kaɗan. Sama ba za ta yi duhu ba.

Sai bayan wannan, ba a rana ɗaya ba, ki kawo maganar sana'a, kuma ki ɗan ɗaga murya yadda za a ji ki daga bakin ƙofa. Abin da kike yi a ɓoye haja ce, ki fito da ita fili. Duk mai saye a tambaye ta: abin da kika nema za a aiko, ko kina so Iya ta ji ki tukuna? Wadda ta ce tana so, ki kira ta, ki ce ta ɗora shayinta a can ke ki ɗora naki a nan, ki yi mata tambayoyin mahaifiyarki. Wadda ta ce a'a, ki kama bakinki da hannunki duka biyu. A kowane kwali a jefa 'yar mitsitsiyar kwalba ta wadda kike gani ta fi dacewa, da sunanta, mace ta ɗiga a wuyan hannunta ta yanke wa kanta. Wannan na'urar Farsha ba za ta iya ba, kuma aiki ne da zai buƙaci mai haƙuri da ke karanta takarda sau uku. Kina da ita a maƙwabta, har da tabarau.

Ba zan yi miki alkawarin shagon zai tsaya ba. Wataƙila Nurasham ta sake shi duk da haka, wataƙila ta ga cewa masu kira suna son ganin tabarmar a bayanki. Wannan maganar ku biyu ce, kuma za ta fi sauƙi tsakanin mutanen da babu gwangwani a tsakaninsu. Maigidanki kuwa ki gaya masa yau, ki bar shi ya yi dariyarsa, rawani ana sake naɗawa. Shawarar da kika ce zai bayar ita ce tawa, shi a kalma huɗu, ni a shafi guda.

Kin ce kofuna uku suka rage, kina faɗa kamar abin makoki. Ni na ƙirga na ga sun isa daidai. Idan ƙura ta lafa, ki ɗauraye su duka, ki kira Zenaba da Nurasham, ki zuba musu da hannunki, ki bar su su yi magana har kofi na biyu.

Allah Ya sassauta miki harshe gobe, Ya sanyaya zuciyar Zenaba, Ya jiƙan iyayenmu da mahaifiyar Awatif, Ya sa albarka a turminki da wayar 'yarki. Idan kin tashi aiko mini tukuici, wadda na ɗauka shekara talatin da suka wuce nake so, ta amaren Wadai. Ita ɗin dai, 'yar'uwa. Zan buɗe in sansana.

Taki,
Hajje Maryoma.